Abin da Aka Daka a Bayan Rumbu

Ku matso kusa, ku da aka ɗauka aiki bana, ku ajiye wanke-wanken nan tukuna. Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da na karya dokar gidan nan ba, ni da nake koya muku ita.

Shekarata goma sha tara ina aiki a wannan masaukin baƙi na Ƙanƙara. Na fara da share-share, na zama mataimakiyar kuku, yanzu ni ce babbar kuku. Manaja ne kaɗai a samana. Dokar da ya fara gaya mini ita ce: ki kai tire, ki gaisar, ki fito. Abin da kika ji a ɗakin baƙo ki bar shi a ɗakin, kuma ba a sa baki a sha'aninsa. Wadda ta saɓa, a ranar take ajiye makulli.

Bayan kaka ne, an gama yankan dawa, aka kawo mana wani baƙo ɗaki na huɗu. Dattijo ne mai furfura da gilashi, ana ce masa Malam Nomau. Manaja ya ce marubuci ne, daga Turai ya zo. Asalinsa ɗan Mabai ne, amma yana shekara shida kawunsa soja ya tafi da shi Legas, daga can sai ƙasar waje. Hausarsa tana nan, sai dai ta yi tsami kamar kunun jiya. Yakan tsaya a tsakiyar magana yana laluben kalma da hannu.

Kullum na kai masa koko da ƙosai sai ya tsare ni da tambaya. Yaya ake kiran wancan tsuntsun? Me ake ce wa ƙasan tukunya in ya kama? Ni kuwa kun san ni da surutu. Wata rana ya ce, "Hajiya Dije, da Turanci nake rubutu, amma in na yi mafarki da Hausa ake yi mini faɗa. Can su ce ni ɗan nan ne, nan ku ce Bature ya zo."

Na ce, "To ai kai ne ka ce a rage maka yaji."

Ranar Larabar ya ce in zauna. Wai ya rubuta littafi a kan mahaifiyarsa, an buga shi tuntuni da Turanci, yanzu ya mai da shi Hausa da kansa. Ranar Juma'a zai karanta a Mabai, a gaban dangi da ita tsohuwar, don tana da rai. Yana so in saurara, in ji inda Hausar ta karkace. Na ce ni aji uku na tsaya a firamare. Ya ce kunnena yake so, ba takardata ba.

Ya fara. Wallahi daɗi kamar ana ba ka labari a gindin murhu. Na ga gidan, na ji warin garken awaki. Ina ta gyara masa ƙananan abubuwa, muna dariya. Sai ya zo kan uwar.

Ya karanta cewa tun da ya buɗe ido bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, ko "yaron nan". Ƙannensa tana goya su tana yi musu wasa, shi ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Ranar da ya faɗa wuta ya ƙone a ƙafa, tana tsaye, sai ta ƙwala wa kakarsa kira ta zo ta ɗauke shi. Ranar da kawu zai tafi da shi, duk gida an fito rakiya, ita tana bayan rumbu tana daka, yana jin ƙarar taɓarya har suka fita ƙofa. Kakar ce ta biyo su da gudu har bakin mota, ta danƙa masa ƙullin dakuwa da ɗuminta.

Na ce, "Malam, kai ne na nawa a ɗakinta?"

"Ni ne na fari."

Na dafe ƙirji. Na ce, "To ranar Juma'ar mi za ka yi?"

Ya cire gilashi ya ce, "Zan karanta mata duka. In na gama in ce mata, a gaban kowa, na yafe mata."

Innalillahi! Tsohuwa mai shekaru, a tara mata gari, ɗanta na fari ya miƙe ya ce ya yafe mata! Dokar manaja ta faɗo mini a rai, na kalli ƙofa. Amma bakina ya riga ni.

Na ce, "Malam, ba Hausarka ce ta karkace ba. Wanga abu da ka rubuta kunya ce. Kunyar ɗan fari. Ba wanda ya taɓa gaya maka?"

Na ce a ƙauyukanmu, musamman a zamaninsu, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a idon jama'a, kaka ko gwaggo ake bar wa shi. Wadda ta yi, sai a ce ba ta da ta ido, har surukai su yi da ita. Ni kaina da nake zaune gabansa, nawa na farin ya yi gemu yana sayar da taki a Faskari, ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ko ku ba zan gaya muku ba.

Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Na ji ana faɗi. Amma yaro a cikin wuta, Hajiya? Wace irin kunya ce wannan?"

Na ce, "Ban ce ba ta yi maka ciwo ba. Ta yi, kuma ita ma ta yi mata. Amma koma inda ka karanta yanzu. Ka ce tana bayan rumbu tana daka."

"E."

"Ka ce kaka ta kawo maka dakuwa da ɗuminta."

"E."

"To wa ya daka ta?"

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ya juya takardar baya, ya dawo gaba, kamar wani ne ya rubuta. Da hannunsa ya ajiye abu biyun nan kusa da juna, shekara da shekaru, bai taɓa haɗa su ba. Na ɗauki tirena na fito. Abincin rana da na yamma duk yadda na kai masa haka na ɗauko.

Washegari manaja ya aiko kirana. Na cire makullin sito na riƙe a hannu tun daga kicin. Sai ya ce, "Baƙon ɗaki na huɗu ya roƙa ki raka shi Mabai gobe. Mi kika yi mashi?" Na ce, "Koko na kai."

Ni da ba na son fita ko nan da kasuwa, na shiga mota. Muka tafi da rana tsaka, saboda tsoron 'yan fashin hanya. A mota ya ce mini mutanen da suka karanta littafin a ƙasashe suna rubuto masa, suna tausaya masa da ya tashi a hannun uwa marar zuciya. Ya ce, "Yaya zan bi su ɗaya-ɗaya?"

Mun tarar an shimfiɗa tabarmi, dangi sun cika. Ya gaisa da maza, ya ce karatu ba yau ba, akwai gyara. Muka shiga ciki. Tsohuwar, Iya Kande, 'yar ƙarama, tana zaune a bakin ɗaki. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ja mayafi ta juya gefe, ta amsa wa bango. Sai ta kamo hannuna, ni da ba ta taɓa gani ba, ta ce, "Ke ce mai ba shi abinci? Ya rame hwa. Ba ya son kuɓewa, ki riƙa yi mashi miyar kuka."

Yana durƙushe yana ji. Na ga kafaɗunsa suna motsi.

Abin da na koya ke nan a aikin nan: dokar shiru tana da kyau, ku riƙe ta, ita ke tsare mutuncin baƙo da namu. Amma wanda ya daɗe a waje yakan dawo da kalmomin gida a bakinsa, ya rasa abin da gida ke faɗi ba da baki ba. Wani lokaci mai tire ce kaɗai ke kusa da za ta gaya masa.

Da za mu tafi, tsohuwar ta jawo ni ta rage murya. Ta ce, "An ce wancan ya sa ni cikin littahi, har Turawa sun karanta. Ke da kika ji, mi ya ce a kaina?"

Idonta na kaina, shi kuma yana tsaye a bakin zaure. Na ce, "Iya, ya ce har yau bai ci dakuwa irin taki ba."

Ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce, "Ashe ya sani."

Har yau ban san ko ƙarya na yi mata ko gaskiya ba. Ku da kuke jina, da ku ta riƙe wa hannu, me za ku ce mata?