Tsinken Baba ya je Santambul

Jama'a, ya shiga! Wallahi takalmin ya shiga ƙafar Baba cif, har ya zaga tsakar gida yana ƙwas-ƙwas kamar sabon ango! Ku tsaya in ba ku labarin daga tushe.

Duk wanda ya san Babanmu a Doguwa ya san ƙafarsa ba ta wasa ba ce. Daga kasuwar Tudun Wada har Ƙafin Maiyaki babu mai takalmin da bai gwada ba ya haƙura. Silifas yake ja, dunduniya a ƙasa. Shi ya sa ya ce ranar bikin yaye mu daga jami'a ba zai shiga zauren taro ba, a mota zai jira ni, kada ya ba ni kunya gaban malamai. Maganar nan ta tsaya min a rai. Sai ga shi an zaɓe ni da abokina Mubarak zuwa gasar ɗalibai a Santambul.

DOGUWA ZUWA KANO

Ana idar da sallar asuba Inna ta jawo tsintsiyar kwakwa. Kun dai san yadda ake aike: a zaro tsinke, a auna ƙafar mutum, a karye daidai tsawonta. Kowa da nasa, ta ɗaura zare don kada su rikice. Nata kore, na ƙannena ja da fari, na Baba baƙi.

"Nazifi, ko ba ka sayo na kowa ba, ka duba na babanku."

"Inna, an wuce wurin!"

Na samu gaban wata Sharon, direba yana ta mita wai jakata ta cinye wurin mutum guda. A shingen dajin Falgore wani soja ya buɗe jakar, ya ɗago tsinkayen.

"Malam, laya ce?"

"Yallaɓai, awon ƙafa ne."

Ya zaro baƙin ya kalle shi sama da ƙasa. "Wannan na mutum ne?"

Na cire takalmina na ajiye tsinken a gefen ƙafata, ya zarce babban yatsana da faɗin yatsun hannu uku. Motar gaba ɗaya aka kwashe da dariya. Sojan ya ce in gai da Baba da kyau.

A Tudun Wada muka karya da ƙosai da kunu, muka hau babban titi, muka wuce kwanar Bagauda. Kafin azahar ina filin jirgi, Mubarak na jira na ya sha wanka kamar shi zai tuƙa jirgin.

SANTAMBUL

Mun canja jirgi a hanya, kunnena ya toshe, ban damu ba, ina ta ɗaukar gajimare a waya. Masaukinmu ɗakin ɗalibai ne, gado sama da ƙasa. Da safe burodi mai zagaye da riɗi, da shayi a wani kofin gilashi ɗan mitsitsi. Na ce wa Mubarak a gida wannan ɗanɗano ake kira.

Gasa dai mun yi abin da za mu iya, ba mu zo na ɗaya ba, ba mu kuma zo na kashin baya ba. Ranar hutu muka faɗa unguwar manyan kantuna. Kai! Ƙofa tana buɗe kanta, ƙamshi na dukan hanci, jaka guda ɗaya tal a cikin gilashi da fitilarta ita kaɗai. Na juya takardar kuɗin wani bel, na buga a waya a naira, na ga kuɗin bijimi sukutum. A hankali na ajiye shi, har da ba shi haƙuri.

Wani ɗalibi ɗan garin ya ce mun yi ɓatan kai. Mu hau jirgin ƙasa zuwa bayan gari, akwai abin da suke kira awutlet, inda kamfanonin nan dai suke karyar da kayan bara da waɗanda suka yi kwantai. Kafin mu shiga muka zauna muka ci gasasshen nama, na ajiye tsinkayen kan tebur na je wanke hannu.

Awutlet ɗin nan gari guda ne! Na sayi na Inna, na sayi na yara, ina zura tsinke cikin takalmi mai shagon tana kallona baki buɗe. Da na yi mata bayani da guntun turancina sai ta kira abokiyar aikinta, suka yi ta tafa hannu. Na zaro baƙin. Ya rage tsawo, bakinsa sabuwar karaya.

Na juya. Mubarak na tsaye yana sakace.

"Mubarak, me ke bakinka?"

"Tsinke mana. Nama ya maƙale min."

"A ina ka samo?"

"Na ga dogon ya yi yawa, na ɗan karya."

"Ya yi yawa? Ƙafar ubana ce a bakinka!"

"Wallahi ɗan kaɗan ne, abokina."

"Sau nawa?"

Ya sunkuyar da kai. "Biyu. Na farkon ya karye na yar."

Na kira Inna, wayar ba ta shiga, a gidanmu sai an fita bakin titi ake samun sabis. Ga jirginmu washegari. Na zauna kan bencin gwaji, ido ya kawo ruwa, ina kallon ƙafata. Sai sojan Falgore ya faɗo min. Yatsu uku!

Na tuɓe takalmi, na taka abin awon shagon, na jera yatsun hannuna uku gaban babban yatsa. Na kuma buɗa hannu na nuna mata faɗi. Matar ta shige ciki ta daɗe, ta dawo da kwali mai ƙura a kai. Baƙar fata, laushi kamar man shanu. Ta ce ya daɗe a ajiye babu mai ƙafarsa, shi ya sa ragin da ke kansa ya fi na komai a shagon. Na rungume kwalin. Mubarak ya ce shi zai biya safa, na ce dole ma.

KOMAWA GIDA

Kwalin nan bai shiga cikin kaya ba, a cinyata ya zo. Duk hanya ina tunanin in yatsun sojan ne aka auna da su ba nawa ba fa? Sai in tuna nawa ne. Mu wuce gari guda, tunanin ya sake dawowa.

Bayan la'asar na sauka a gida. Na durƙusa na gai da Baba, na tura kwalin gabansa. Ya wanke ƙafa, ya yi bismilla, ya zura. Dunduniya ta faɗa ciki, Inna ta rangaɗa guɗa! Ya taka, ya sake takawa, ya juya baya yana gyara hula ya daɗe bai juyo ba. Can ya ce, "Zauren naku, a sahun gaba iyaye ke zama?"

Alhamdu lillahi. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Inna da tsintsiyarta. Don Allah ku tura wannan gaba, ku yi ta turawa, ko zai kai ga sojan nan na Falgore ya ji cewa na mutum ne, kuma ya shiga.