Ranar da Aka Kwashe Mana Bokitai

Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Idan na rufe ido ba fuskar mutumin da ya tare ni nake gani ba, don ban ma gan ta ba. Murhun Iya Tabawa nake gani.

Iya Tabawa kakata ce, wadda ta haifi babana. A gidanta na tashi, a wani ƙauye bayan Panshekara, kusa da kogin Challawa. Idan aka sauke tuwon dare ba ta yarda a kashe wuta. Sai ta tura guntayen kara, ta miƙe ƙafafu wajen garwashi saboda ciwon gwiwa, mu jikoki mu kewaye ta. Jiniyar kamfani ce agogonmu. Da ta yi kukan canjin ma'aikata, kekuna suka fara wucewa ta bayan katanga, to lokacin tatsuniya ya yi. Wani lokacin iska ta juyo daga wajen majema, warin fata ya cika tsakar gida, sai Iya ta toshe hanci ta ce, "To, masu kuɗi sun yi tusa. A ci gaba." Mu yi ta dariya har da birgima.

Akwai wani tsohon kasko a ƙarƙashin gadonta. Kullum kafin mu kwanta sai ta zuba masa toka, ta rufe shi da murfin langa. Banɗakin gidan yana can bayan turken awaki, ba rufi, ga kunamu, don haka duk yarinyar da ke kwana a ɗakin Iya ba ta fita da dare. Kafin kiran asuba Iya ta zubar, ta wanke, ta kife shi a bayan ɗaki. Matan gidan, har da Ummata, ba sa kiran sunansa, sai dai su ce "abin nan". Iya kuwa ko a gaban wa cewa take, "Wa ya taɓa mini kaskon fitsari?"

Ba ta buɗe tatsuniya irin ta kowa. Cewa take, "Ga ta nan tafe da ƙafa ɗaya." Mu ce, "Ta zauna ta huta mu ji ta."

Wadda ta hana ni barci yanzu ta wata mata ce da ta bi ayarin fatake tare da mijinta, kuma madugun ayarin surukinta ne. Duk inda suka yi zango sai a kafa rumfunan fata, kowace mace ta shiga da ɗan dumanta saboda lalurar dare, don dajin na kura ne. Sai aka yi rashin sa'a, rumfar matar nan tana jikin ta madugu. Ta ce a ranta, ina ni ina tsugunawa a kan duma, surukina yana jin ƙara? Sai ta riƙa fita, ta yi nisa, har inda hasken wutar zango ba ya kaiwa.

Daren farko kura ta tare ta. A nan Iya takan kumbura murya.

"Baiwar Allah, wa ya aiko ki?"

"Kunya ce."

"Ayyo, ƙawata ce! Je ki, yau na ƙoshi. Ki gaishe ta."

Dare na biyu ma haka. Matar ta koma rumfarta, amma ba ta gaya wa kowa ba, don idan ta faɗa sai an tambaye ta abin da ya fitar da ita. Dare na uku kura ta ce, "Ni ba na farauta, ƙawata ce take kawo mini har gida." Ta cinye ta.

Da gari ya waye aka ga zanenta da sawun kura, aka ga dumanta a bushe. Madugu ya girgiza kai ya ce, "Kai, yarinyar nan akwai kunya. Irinta sun ƙare." Kowa ya ce haka ne. Aka ɗaura wa jakuna kaya, aka wuce.

Iya ta karkaɗe zani ta ce, "Ta tashi ta tafi da ƙafarta ɗaya. Kowa ya je ya kwanta."

Na ce, "Iya, shi ke nan? Ba wanda ya cece ta?"

"Wa ya san tana can?"

"To ai an yabe ta."

"An yabe ta sosai, ƙawata. Je ki cikin kura ki tambaye ta ko ta ji."

Na yi fushi da Iya a daren. Na ce tatsuniyarta ba daɗi.

Shekara tara ke nan da rasuwarta. A daminar bana ruwa ya cinye gidan, har ɗakinta. Aka kwaso mu, mu da sauran waɗanda gidajensu suka faɗi, aka zuba mu a harabar wani tsohon sito a Challawa, aka kafa mana tantuna na tamfol. Ni da Umma da ƙanwata Hafsa, mai shekara goma sha biyu, tanti ɗaya. Daga nan nake tafiya aiki kamfanin leda a Sharada. Banɗakunan suna can ƙarshen haraba, sai ka ratsa inda tireloli suke kwana, kuma babu ko ƙwan fitila ɗaya. Ba wanda ya koya wa mata dabara: kowane tanti aka nemi bokiti mai murfi.

Sai ranar Juma'ar da ta wuce Malam Sabo ya tara mu. Shi ne shugaban kwamitin sansanin, abokin marigayi babana ne, Baba nake ce masa. Ya ce masu kawo tallafi za su zo zagaye, kuma ya ji ana ajiye najasa a cikin tantunan da ake salla, alhali mala'iku ba sa shiga inda aka ajiye irin wannan. Ya ce za a kwashe bokitan a kulle a sito. Sannan ya ce, "Akwai mai magana?"

Maza suna gaba, iyayenmu da surukan wasu. Mu mata muna baya a kan tabarmi. Wace ce za ta miƙe a gaban surukinta ta yi zancen fitsari? Ba wadda ta ko yi tari. Ni ma, da takardar sakandarena da bakin da ake cewa ina da shi a wurin aiki, yatsun ƙafata na zuba wa ido. Wannan shirun shi ya fi ƙona mini rai.

Daren Litinin na riƙe fitsari har marata ta fara ciwo. Ban tashi Umma ba, ta wuni tana jinyar zazzaɓi. Na ɗauki buta na fita. Ina tsakanin tirela biyu aka fizgo hijabina ta baya, wani hannu mai warin baƙin mai ya rufe mini baki. Na gartsa masa cizo, na sulale daga cikin hijabin, na bar masa shi, da butar, da takalmi ɗaya. Na yi gudun da ban taɓa yi ba. Kuma ban yi ihu ba. Bakina a buɗe yake, amma abin da ya zo mini shi ne, idan mutane suka fito za su gan ni ba hijabi, za su san abin da ya fito da ni.

Da na faɗa tanti Umma ta farka, ta rungume ni tana kuka, tana cewa, "Ki rufe bakinki, Rabi. Ai Allah Ya tsare. Idan magana ta fita, cewa za a yi me ya kai ki can." Amma da safe ta gaya wa matar Malam Sabo a asirce. Da hantsi sai ga shi a bakin tantinmu. Ya jajanta, ya ce zai ja kunnen direbobi, mata kuma su riƙa fita bibbiyu. Har ya juya, sai ya ƙara da cewa, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Da wata ce da ta tara mana jama'a. Ke kam akwai kunya."

Wallahi sai da na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Muryar madugu na ji, da bakin Iya, a gaban murhu.

Jiya da na tashi daga aiki na roƙi wani tsohon bokitin fenti mai murfi. Na biya ta wurin girki na ɗebi toka. Ban bi ta bayan tantuna ba, ta gaban bencin 'yan kwamiti na bi, bayan la'asar, suna zaune su biyar.

Malam Sabo ya ce, "Rabi, me kika ɗauko haka?"

"Bokitin fitsari ne, Baba."

Wani ya ce, "A'uzu billahi!"

Malam Sabo ya ce, "Ba mun hana ba?"

"Kun hana, Baba. Kun tambaya ko akwai mai magana, ban yi ba, ga ta yanzu. Ku idan ya matsa muku, taku biyar ne kun kai gindin katanga. Mu sai mun ratsa motocin can cikin duhu. Zancen mala'iku ku ne malamai, ban isa in ja ba. A rufe zai zauna, da toka, in zubar kafin asuba. Amma Hafsa ba za ta taka wajen motocin nan ba. Duk wanda zai karɓe shi, to ya shirya raka mu, sau biyu take tashi kowane dare."

Ya daɗe yana jan carbi bai dube ni ba. Sannan ya ce, "Wuce."

Bokitan sauran mata suna nan a kulle. Wanda ya kama ni yana nan, wataƙila ma na gaishe shi da safe. Umma kuwa tun jiya da ta ce na tuɓe mata zani a kasuwa ba ta sake yi mini magana ba.

Da ina yarinya na ɗauka mugunta ce ta sa Iya ta bar kura ta cinye matar nan. Yanzu na gane ƙin yi mana ƙarya ta yi. Ta san gidan da take renon mu, ta san za a koya mana sunkuyar da kai tun kafin a koya mana ihu, kuma ta san ranar da abin ya faru, masu yabon ba za su ko sauke kayan jakunansu ba. Haushina ɗaya, sai da na shiga tsakanin tireloli kafin na ji abin da ta gaya mini tun ina shekara takwas.

Daren jiya Hafsa ta tashi, ta yi abin da za ta yi, ta koma barci nan take. Ni ina kwance idona biyu, duk motar da ta yi motsi sai in kasa kunne. Can wajen ƙarfe uku na ji Umma ta miƙe. Ta tsaya a bakin tanti ta daɗe, tana kallon duhun waje. Sai na ji an ɗaga murfin bokitin a hankali. Na juya fuskata wajen tamfol na yi kamar ina barci, don wannan kunyar kam ba ta kai kowa bakin kura.