Ƙwan Shazumamar Iya

Ranar wata Juma'a ce a tsakiyar damina, kwana tara bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu na firamare a Samaru. Ruwa ya ɗauke tun hantsi, tsakar gidanmu ta yi caɓi, Baba ya tafi masallaci, Umma kuma barci ya kwashe ta da jaririyarta da ba ta cika arba'in ba. Na lallaɓa na jawo ƙwaryar da ke ƙarƙashin gado, na fito da ita gindin rijiya. Ƙwai goma sha biyu ne a ciki, kwance a kan ƙaiƙayi, kowanne da ranar da aka saka shi, Baba ya sa Umma ta rubuta da fensir. Sai dai duk sun ɓaci. Wani da laka, wani da kashin kaji ya bushe a jikinsa, wani har da ɗan gashi a manne. Na ce a raina, wannan za a kai wa Iya? Na ja ruwa mai sanyi, na ɗauko sabulun salo da soso, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cuɗawa a hankali ta inda ba zan goge rubutun ba, ina maimaita abin da malamarmu ta Islamiyya take yawan faɗa mana, “Tsafta cikon addini.” Na tsane su da gefen zanena, na mayar, suna ta ƙyalli. Ban gaya wa kowa ba, don an koya mana cewa aikin lada ba a yi masa shela.

Iya ita ce mahaifiyar Umma, tana wani ƙauye gaba da Ƙauran Namoda. Tana da wani irin kaji da ta gada daga uwarta, shazumama, masu gashi a murɗe yana kallon sama kamar an taje su a baibai. Lokacin da aka kawo Umma Samaru, Iya ta haɗa mata da budurwar kaza ɗaya cikin kayanta. A bazarar wannan shekara annoba ta shiga ƙauyen ta share kajin Iya kaf, ko ɗaya ba ta bari ba. Wani malamin makaranta da yake rubuta mata wasiƙa ya sanar da mu cewa tsohuwa ta rage cin abinci, kullum da safe sai ta ɗebo tsaki ta tsaya a ƙofar akurki, sannan ta mayar. Ya ce abin da take faɗa shi ne, “Gidan da ba kaza kango ne.” Duk duniya, jinin kajin nan bai rage ko'ina ba sai a gidanmu: wata tsohuwar kaza da muke kira Uwargida, da 'ya'yanta mata biyu. Umma ba ta isa tafiya ba, Baba ba shi da hutu, kuma ya ce kaza mai rai ba za ta kai ba, in ma ta kai cutar za ta iya kama ta. Shi ma'aikacin kiwon kaji ne a Shika, mutum mai son gwada abu. Wata rana yana cin tuwo ya ɗago kai ya ce, “In wasiƙa tana zuwa, me zai hana ƙwai?” Umma ta dube shi kawai, ta ce Allah Ya ba da sa'a.

Da la'asar ɗin wannan Juma'a ya shimfiɗa tabarma ya baje kayan aiki: buntun shinkafa da na yi yini biyu ina shanyawa, tsofaffin jaridu, kwali ƙarami da babba, igiyar rama. Ya fara shiga ɗaki ya rufe taga, ya kira ni na riƙe masa tocila. Yana ɗora ƙwai a bakin hasken sai ya zama ja kamar garwashi, ya nuna mini wani ɗan fili a gefen da ya fi faɗi, ya ce ɗakin iska ne, da shi ɗan tsako zai fara numfashi, shi ya sa ake tsayar da ƙwan tsininsa ƙasa. Duk mai tsaga ko da siririya ce ba zai yi tafiya ba, amma ba a samu ko ɗaya ba. Ya naɗe kowanne da jarida har ninki uku, ya dasa su cikin buntu ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa, ya cika ƙaramin kwalin dam, ya girgiza shi a kunnena ya ce in saurara. Ban ji motsin komai ba. Sannan ya sa shi a tsakiyar babban, ya sake cusa buntu ta kowane gefe, ya ɗaure. A wasiƙar da ya haɗa ya ce a bar ƙwan su huta kwana guda kafin a sa wa kaza, don Iya ta riga ta nemo aron mai kwanci a maƙwabta. Yana cikin naɗewa ya ce wa Umma, “Kai, kajin nan naki akwai tsafta.” Na sunkuyar da kai, daɗi kamar ya kashe ni.

Washegari ya tafi da ni Sabon Gari. Na zauna a bas da kwalin a cinyata, duk ramin da muka faɗa tsakanin Palladan da kasuwa sai na ɗaga shi sama ina salati. Ban taɓa shiga gidan waya ba sai ranar. Warin gam da tsohuwar takarda, jerin ƙananan akwatuna masu lamba, ƙarar hatimi tim tim, wata mata tana lasar kan sarki da harshenta. Ma'aikacin da ya karɓe mu wani dattijo ne mutumin kudu, da tabarau a kan hanci, Hausarsa ta kasuwa. Ya karanta abin da Baba ya rubuta a kowane gefe da manyan baƙaƙe, ƘWAI NE, A HANKALI, NAN NE SAMA, ya kwashe da dariya ya ce, “Malam, in sun fito a hanya, wa zai yanka musu tikiti?” Amma da hannu biyu ya ɗauka, ya ajiye shi can sama shi kaɗai, ya ce jirgin da zai bi ta Gusau zai tafi da shi. A hanyar komawa na ishi Baba da tambaya. Shin ƙwan ya san yana tafiya? Yana jin ƙarar jirgi? In an haife shi a Samaru aka ƙyanƙyashe shi a can, ɗan ina ne? Baba ya ce wannan ta ƙarshen sai dai in tambayi alƙali.

Kwana ashirin da ɗaya kaza take yi a kan ƙwai, ga kwanakin zuwa, ga na dawowar amsa. Na riƙa jefa ƙwayar masara ɗaya kullum a cikin gwangwanin madara. Ko ina wasan carafke da ƙawayena, ko ina tsince ciyawa a 'yar gonar kuɓewar da ke bayan gida, ko ina wankin tsummokaran jaririya, lissafin yana raina. Masara ta haura talatin kafin wasiƙa ta zo. Baba ya karanta a tsaye, keken ma bai jingine ba. Kwali ya iso cikin kwana huɗu, ko ɗaya bai fashe ba, har malamin ya ce jama'a sun taru kallo. Amma tun kafin mako biyu ƙwan suka fara wari, biyu suka fashe a ƙarƙashin kazar, sauran duk suka zama baragurbi. Ko tsako ɗaya. Iya ta ce a gaya wa Umma kada ta damu, haka Allah Ya so. Umma ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Baba kuwa abin ya tsaya masa a rai. Ya bi komai daki-daki. Ya ce ko buntun bai bushe ba, na rantse ya bushe. Ya ce ko zafi ne a cikin jirgi, ko girgiza ce ta tsinka ɗakin iska, amma wannan ba ya kawo ruɓa haka. A ƙarshe zargi ya faɗa kan zakara. Mu ba mu da shi, na maƙwabciyarmu ne yake tsallako katanga, Maman Rahila, wata 'yar Zonkwa mai sayar da ƙosai, wadda mijinta ke aiki a coci. Wani jan zakara ne mai taƙama, wanda nakan ɓoye wa ƙanzo. Da maganar ta kai mata sai ga ta ta shigo riƙe da shi ta fukafukai, tana haki, tana ce wa Umma, “Maman Bilki, ashe wannan ɗan banzan cara kawai ya iya? Ya ci dawa na, ya kunyata ni a gaban tsohuwa! Lahadi in mun taso daga sujada, tukunya ne gidansa.” Umma tana ba ta haƙuri, ita tana ƙara jijjiga shi. Baba ya ce ta dakata, shi har yanzu bai gamsu ba, don ƙwan da ba zakara a jikinsa yakan zauna garau ne, ba ya saurin wari. “Wannan kamar ruwa ne ya taɓa su,” in ji shi, “kuma ni ban ga ta inda ruwa zai shiga kwalin nan ba.”

Ina tsugune ina wanke-wanke na ji kalmar. Na dubi zakaran, idonsa ɗaya yana kallona, bakinsa a buɗe. Na miƙe da kumfa a hannu na ce, “Baba, ni na yi musu wanka.” Na faɗi komai ina kuka, har da sabulun salo, har da zancen lada. Maman Rahila ta saki zakaran, ta dafa katanga tana dariya har da hawaye, tana cewa saura kaɗan da na yi musu alwala. Na jira duka, bai zo ba. Baba ya ce in ɗebo ruwa mai ɗumi a kofin gilashi, ya ɗauko ƙwai ɗaya na ci ya saka, ya ce in matso in duba. Can sai na ga wasu ƙananan kumfa suna fitowa daga jikin ɓawon, a jere, kamar zare. Ya ce ƙofofi ne, ido ba ya ganinsu, kuma kaza tana saka ƙwai da wani siririn shafi da yake toshe su daga ƙazanta. Na wanke shafin, ruwan sanyi kuma ya ja dattin zuwa ciki. “Allah Ya riga Ya yi masa tasa tsaftar,” ya ce, “ke kika tuɓe masa riga.” Na daɗe ina kallon kumfan nan har na manta ina kuka.

Sai dai lokaci ya ƙure mana. 'Yan matan kajin biyu sun shiga kwanci a kan ƙwan da Umma ta riga ta haɗa musu na zabi, sun daina saka. Uwargida kaɗai ta rage, ga tsufa, yau ta saka gobe ta huta, kuma Baba ya ce ƙwan da ya wuce kwana goma ba ya jure tafiya. Ni aka ɗora wa tsaronta. Ina dawowa daga makaranta sai akurki, in canza mata busasshiyar ciyawa don kada ƙwan ya ɓaci tun farko, in tono mata gara, in daka mata ɓawon ƙwai, in zauna nesa kaɗan ina karanta duk addu'ar da na iya. A kwana goma ta ba mu shida. Biyu sun ɗan taɓa laka, Baba ya nuna mini yadda ake kankarewa da busasshen tsumma, abin da ya ƙi fita a bar shi. Wannan karon ni na naɗe su da hannuna. Dattijon gidan waya ya gane mu, ya ce, “Fasinjojin sun ragu.” Bayan mako biyu Uwargida ta daina saka, ba ta ƙara ba har ta mutu da kaka.

Amsar ta zo ana cikin karyar masara. Huɗu suka ƙyanƙyashe, ɗaya ya mutu a kwana na biyu. A cikin ukun da suka rayu, da gashi ya fara fito musu, biyu suka murɗe. Malamin ya rubuta cewa Iya ta hana kowa taɓa su, da kanta take kai su inuwa, kuma ta koma cin tuwonta har tana neman ƙari. A ƙasan takardar ta sa ya ƙara layi ɗaya saboda ni, don Umma ta riga ta ba ta labari: ɗaya daga cikin masu murɗaɗɗen gashin mace ce, kuma ta raɗa mata suna Wankakkiya. Shekara shida Iya ta ƙara a duniya, kuma ranar da muka je ta'aziyyarta sai da muka riƙa kore shazumamai daga kan tabarmin baƙi.

Yanzu ina aure a Palladan, ina da 'yan kajina a bayan kicin. Ranar kasuwa nakan ga 'yan tsaki ɗari-ɗari a kwalaye masu huji, an kawo su a mota daga nesa, duk kalarsu ɗaya, inji ne ya ƙyanƙyashe su. Suna girma da wuri, ban raina su ba, da su nake taimakon gida. In ina son jin lafiyar 'yan'uwa a ƙauye, waya zan ɗauka, kafin ruwan shayi ya tafasa na ji komai. Na sha tambayarsu ko akwai sauran jinin kajin Iya, wannan ya ce sai ya duba, wancan ya ce kamar ya ga irinsu a gidan wane. 'Ya'yana ba su taɓa jiran wani labari wata guda ba, ni kuma ban san yadda zan kwatanta musu ba. Allah Ya jiƙan Iya da Baba. A zamaninsu ƙwai shida ma abin a yi wa addu'a ne.