Ƙyallen da Na Ɗinka wa Maigida

Ban yi karatu ba, ban iya riƙe alƙalami ba, sai dai in faɗa a rubuta. In aka ji na yi shiru a tsakiyar magana, kuka ne ya tare ni, kuma na daɗe da daina jin kunyarsa.

Ni ɗiyar Kunduru ce. An kawo ni aure Kankia ba da daɗewa ba bayan an ce Turawa sun miƙa mulki. Maigidana lebura ne a wani siton gyaɗa da ke bakin hanyar mota, inda ake tara buhuna kafin manyan motoci su kwashe zuwa Kano. Da farko dako yake yi. Sai ƙwari suka addabi gyaɗar, aka kawo wani farin gari a cikin gwangwanaye, aka ce a riƙa barbaɗa shi tsakanin buhuna. Aka zaɓe shi saboda natsuwarsa. Ranar har dambu na yi, don murnar ya huta da ɗaukar kaya a ƙeya.

Yakan dawo bayan la'asar fari fat, har gashin ido, kamar wanda ya yini a wurin niƙa. Garin yana da wani wari mai kama da na kananzir, amma da ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshensa. Helimansu, wato shugaban leburori, ya ce musu kada su damu, duk wanda ya taɓa maganin ya sha nono idan ya tashi aiki, nono yana wanke dafi daga ciki. Kowa ya yarda, ni ma na yarda. Akwai wata Bafulatana da ke zuwa da ƙwarya daga wajen Yashe, na sa ta riƙa tsaya mini kullum. Ko fura ba na sa masa, zalla yake sha, wai don ya fi aiki.

Abin da na fara lura da shi, ƙuda ba ya sauka a kan rigar aikinsa. Ga damina, ga ƙudaje ko'ina a tsakar gida, amma inda na rataye rigar nan tsit. Tururuwar da ke bin gindin bangon ma ta canza hanya. Na ga abin, na ce ashe maganin mai kyau ne.

Wata rana na wanke rigar, na watsa ruwan a bayan madafi. Kazata mai 'ya'ya bakwai ta je ta sha tare da su. Kafin azahar na same su a zube, ƙafafu na rawa, baki na zubar da yawu. Uwar ce ta fi daɗewa. Na tsuguna ina kallonta har ta daina motsi, sannan na dubi rigar tana ɗiga a kan igiya.

Ban iya cin abinci ba ranar. Na ɗauko wani tsohon zanena na saƙi, na yanka, na ninka biyu, na ɗinka masa igiya a gefe da gefe yadda zai rufe hanci da baki. Da ya dawo na nuna masa kajin, na miƙa masa ƙyallen.

Ya juya shi a hannu ya ce, "Ke ɗiyar Kunduru, ni kaza ne?"

Na ce, "Don Allah Malam, ko don hankalina ya kwanta."

Ya ce, "To, na ji."

Kwana uku ya yi yana ɗaurawa. A nan ƙasarmu kuwa, namiji ba ya rufe baki da hanci da rana tsaka sai mai sarauta, wanda ke jan amawalin rawaninsa ya rufe fuska. Lebura da gajeren wando ya rufe baki, ai ya ba da abin faɗa. A rana ta huɗu ya dawo da fuska a buɗe, gari har cikin hanci. Na tambaye shi ina ƙyallen. Ya zauna a kan turmi yana ba ni labari.

Ya ce da ya shiga sito sai wani dogon abokin aikinsa, mai yawan barkwanci, ya ajiye buhu ya zube ƙasa ya ɗaga hannu: "Ranka shi daɗe, Hakimin Ƙwari! An gaishe ka!" Sauran suka amsa, "Hakimi ya gaishe ku!" Wani ya ɗauko tsintsiya yana yi masa fifita, wani yana share masa hanya yana cewa, "Hattara dai, a hankali, ga buhu a gabanka!" Har direbobi suka ɗauka. In ya zo wucewa sai a ce, "Ƙaƙa mutanen ƙasarka, ranka shi daɗe? Sun biya haraji ko sun mutu?"

Yana faɗa yana kwaikwayon muryoyinsu. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na yi dariya. Na yi dariya har na riƙe ciki. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Kin gani? Ke ma kenan." Ya sa hannu ya ɗauki ƙwaryar nono ya shanye. Daga ranar bai sake ɗaurawa ba, ni kuma bakina ya mutu, don da na ɗauko maganar sai ya ce, "Wa ya fi kowa dariya?"

Bafulatanar nan ta taɓa yi mini magana. Ta ga yawan nonon da nake karɓa ta ce, "Yaya, wai wa ke shanye wannan duka?" Na gaya mata. Ta goge ludayi, sannan ta ce, "Mu da muke da shanun, in saniya ta lashi abin nan ba ma ba ta nono, rami muke tona mata. Nono abinci ne kawai." Na ce mata ai helima ne ya faɗa. Ta ɗauki ƙwaryarta ta ce, "Allah shi kyauta."

Shekaru suka tafi. Gyaɗa ta fara ja baya, aka ce arzikin mai ya shigo ƙasa. Leburori da yawa suka bar sito suka bi aikin hanya da gine-gine a birni. Aka mayar da siton wurin ajiyar hatsi, aka kawo maganin ruwa da ake fesawa da famfo. A da shi da wasu biyu ke barbaɗawa, yanzu shi kaɗai ke fesawa, kuma sai an rufe ƙofa don kada iska ta kwashe maganin.

Hannunsa ya fara rawa. Da farko in ya ɗauki buta ne, daga baya har loma ke faɗuwa kafin ta kai baki. Gumi ya riƙa karyo masa yana zaune a inuwa. Wata safiya na ga yawu yana bin gefen bakinsa bai sani ba. Na tuna inda na taɓa ganin haka, na shiga ɗaki na toshe bakina da zane. Da na fito, abin da na yi shi ne na ƙara masa nono.

Da tari ya kwantar da shi muka kai shi asibiti a Katsina. Malamin asibiti ya tambayi aikinsa, ya tambaya ko yana rufe hanci, ko yana wanka da sabulu kafin ya ci abinci. Maigida ya ce yana dai shan nono. Mutumin ya rubuta takarda ya ce mu koma gida ya huta.

Ashe ƙyallen nan yana nan. Duk shekarun nan yana cikin aljihun rigarsa ta Juma'a, a ninke, ko dauɗa babu. Shi ya ce in ɗauko masa, ya riƙa tare baki da shi in tari ya taso, don kada in ga abin da ke fita.

Kwana biyu kafin ya cika, dogon abokin nan nasa ya zo dubiya. Shi aka ba famfon bayan maigida ya kwanta. Ya yi sallama ya shigo, ya ga ƙyallen a bakin maigida, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa zama. Maigida ne ya janye ƙyallen ya ce da ƙyar, "Yau ba gaisuwa? Ga Hakimi a kwance."

Abokin bai yi dariya ba. Na kawo masa ruwa a kwano. Da ya miƙo hannu zai karɓa, na ji warin nan a jikin rigarsa, na ga ruwan yana karkarwa yana zuba a tabarma.

Bayan na fita takaba na yanka ragowar zanen, na ɗinka wani, na aika wa matar dogon abokin nan. Ban san ko ya ɗaura ba.