Mai Gadin Ƙofar Gabas

Kakata, Inna Talatu, ba ta yin tatsuniya sai an wanke tukunyar tuwo. Wai tatsuniya ba ta shiga gidan da aka bar ƙanzo a tukunya. Mun san dabarar sa mu aiki ce, amma haka za mu kankare, mu ɗauraye, mu zo mu kewaye murhu. A ƙauyenmu, can gefen Malumfashi, da lokacin kaka ya yi, sanyi kan sauko da wuri. Sai ta tura karan dawa cikin wuta, ta binne dankali a toka, ta miƙe ƙafafu. Ni take fara tsokana, da yake ni ne babban jikanta namiji.

"Maigida, yau ma ba cefane? To zauna, mijin banza."

Buɗewarta daban take da ta kowa. Sai ta ce, "Ga ta a bakin ƙofa." Mu kuma mu ce, "A buɗe mata ta shigo."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani mutum da ƙanensa ya bi fatake. Ranar tafiya ƙanen ya ce, "Yaya, duk ranar da zan dawo, ta ƙofar gabas zan shigo. In na same ka, na san ina da gida. In ban samu kowa ba, zan wuce." Sai yayan ya je ya roƙi Sarkin Ƙofa aikin gadi. Sarkin Ƙofa ya ce aikin ba wuya: duk wanda ya zo ka dube shi, ka san ko wane ne, ka bar shi ya wuce. Kada ka rufe wa kowa, kada kuma ka bi kowa.

Ya zauna shekara da shekaru. Makaɗa suka zo wucewa, ƙafarsa ta yi ƙaiƙayin rawa, ya ce, "Makaɗa ne," suka wuce. Mai kilishi ya gifta, yawunsa ya tsinke, ya ce, "Mai kilishi ne." Aka fita da gawar abokinsa, ya yi kukansa daga zaune. Rannan sai ga wani mai jaki, kayansa suka gogi bango suka zube. Maimakon ya ga laifin jakinsa, sai ya juyo ya zagi uwar mai gadi. Mutumin nan ya zari sanda ya bi shi, rumfa rumfa cikin kasuwa, har ya cim masa a bayan gari ya yi masa dukan kawo wuƙa. Ya dawo yana huci, zuciyarsa ta yi sanyi. Tsohuwa mai ƙosai da ke gefen ƙofa ta ce, "Af, yanzu wani baƙo ya tsaya nan da raƙuminsa. Ya duba dama, ya duba hagu, ya juya. Kamarku ɗaya da shi."

Na ce, "Inna, da ni ne, rufe ƙofar zan yi tun farko, mai jakin ma ba zai shigo ba."

"Ka rufe? To ƙanen naka ta ina zai shigo, ta rufin ɗaki?"

Ƙanwata Ladidi, idonta cike da ƙwalla, ta tambaya ko ƙanen ya sake dawowa. Inna ta tono dankali tana hurawa. "Ni ma a nan aka bar ni. Ta fita, ku ja ƙyaure."

Yau ga ni da furfura, gadi nake yi a wata unguwar gidaje mai katanga a Ain Khaled, cikin Doha. Wurin gadina ɗan akurkin ɗaki ne mai na'urar sanyaya iska, da dogon ƙarfe da nake ɗagawa da maɓalli motoci su wuce. A Al Wukair muke kwana, gidan kamfani, bas ke kai mu ta dawo da mu. Abokin ɗakina Nimal ne, mutumin Sri Lanka, mabiyin addinin Buddha. Kullum na dawo daga sallar asuba sai in tarar da shi zaune kan gadonsa, ya tanƙwashe ƙafa, ido rufe. Da farko na ɗauka barci yake a zaune.

Akwai wani direba a ɗaya daga cikin gidajen, yaro ne da bai kai ƙanena ba. Wata safiya na yi jinkirin ɗaga ƙarfe, ya sauke gilashi ya ambaci mahaifiyata da kalmar da ba zan maimaita ba. Larabcina bai da yawa, amma zagi ko da wane yare ne ana gane shi. Mahaifiyar tawa kuwa ta rasu ina nan, ko jana'izarta ban samu ba. Da ya ga abin ya shige ni, sai ya mai da shi gaisuwar safe.

A daidai lokacin kamfani ya amince zai kawo ƙanena Sabi'u, a kan amanar da aka ba ni, ana kan yi masa biza. Nan ƙasar kuwa, ka ɗaga hannu ka mari wani, 'yan sanda ne, kafil, wato ubangidan da ya ɗauko ka aiki, ya ce khalas, an gama, a sa ka a jirgi. Wa zai kawo ƙanen mai dambe? Duk na san wannan. Amma ko a sallah fuskar yaron nan nake gani, har ina mance raka'a. Na tsane shi, wallahi, kuma na soma jin tsoron hannuna.

Nimal ne ya ce ina cizon haƙora cikin barci. Na gaya masa komai, da guntun Turancina da guntun Larabcinsa. Ya ce, "Sadik, zauna. Sa hankalinka a bakin hanci, inda iska ke shiga tana fita. Tunani zai zo. Ka dube shi, ka kira sunansa, ka koma kan numfashi."

Na ce, "Ai korarsa nake yi, ba ya tafiya."

"Daina kora. A wurin aiki, in mota ta shigo, kana bin ta har cikin gida?"

Dariya ta kama ni, don muryar Inna na ji a bakin mutumin Sri Lanka. Na ba shi tatsuniyar. Ya ce malamansu ma suna misali da mai tsaron ƙofa. Na ce to, kakata dai ko Kano ba ta taɓa zuwa ba.

Ban bar sallata ba, shi ma bai ce in bari ba. Bayan asuba da azkar nake ɗan ƙara zama. Abin da na lura shi ne, fushin da na ɗauka dunƙule ne ashe a jere yake zuwa: zafi a ƙirji, sai muƙamuƙi ya ɗaure, sai fuskar yaron, sai maganganun da zan mayar masa. In ban bi ba, sai ya wuce, tunanin shayi ya shigo, ko wata waƙar da na ji a bas. Nimal ya ce in na ƙara dubawa, shi kansa mai gadin ba zan same shi ba. Na ce wannan kam ta fi ƙarfina, a bar mini mai gadina.

Wata safiya maɓallin ya ƙi aiki, dole na fito in ɗaga ƙarfen da hannu, dab da tagar motarsa. Ya faɗi kalmar, har da murmushi. Zafin ya taso, na ji yatsuna sun dunƙule. A raina na ce, "Mai jaki ne." Na ja numfashi, na ji shigarsa, na ji fitarsa. Na ɗaga ƙarfen na ce, "Yalla, wuce." Ya wuce. Ban ji daɗin komai ba. Yaron bai canza hali ba, har yau yana danna mini ham.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar haƙuri take koyarwa, irin na a danne zuciya. Yanzu ina ganin Inna ba ta hana mutumin nan jin zafi ba, ai ta bar shi ya yi kukansa. Tashi daga ƙofa kaɗai ta hana. Ta rasu ban tambaye ta ko ta san cewa ƙofar a ƙirjin mutum take ba. Da na tambaya ma, "mijin banza" za ta ce.

Ranar da Sabi'u ya sauka ina bakin aiki. Bas ɗin kamfani da ta ɗauko shi daga filin jirgi ta biyo ta Ain Khaled. Ya sauko da jakarsa, rana ta kashe masa ido. Ya duba dama, ya duba hagu.

Na fito daga akurkina. Ya ce, "Yaya!"

Na ce, "Ga ni nan. Shigo."