Yadda Na Yabi Dokin Alhaji Sabo a Gwarzo

Asabar: Daga Kano zuwa Kabo

Ƙarfe shida saura kwata, ana idar da sallar asuba, na rataya jakata na fito, gari bai gama wayewa ba. Uwargidana Zulai ta rako ni har zaure tana ta nanata mini magana ɗaya: "Don Allah Malam, kada ka ba ni kunya a gaban Baba." Ita ce fa ta jawo mini wannan tafiya. Shekara biyu ke nan ina kallon tseren dawakin ƙasashen waje a waya, ina rubuta wa abokaina hasashen wanda zai ci, wani lokaci in dace, sau da yawa in yi shiru. Sai ta je gida ta cika wa mahaifinta baki cewa mijinta kallo ɗaya yake yi wa doki ya san abin da ke cikinsa. Shi kuwa surukina, wanda ba zan rubuta sunansa a nan ba, dattijo ne a ƙauyen Jama'a na ƙasar Gwarzo, iyayensa makiyaya ne, da dabba ya buɗe ido. Ya aiko cewa za a yi sukuwa ranar Lahadi a wajen Kabo, akwai dokinsa a ciki, in zo zaman yammacin Asabar da ake tantance dawaki, yana so ya ji da kunnensa.

Shekara shida da aurenmu, bai taɓa kiran sunana ba. "Malamin nan na Zulai" yake cewa, kuma ba kunya ce kaɗai ba, har da rashin ganin amfanina. Abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa. Da na tambayi Zulai kamannin dokin, sai ta ce, "Dokin Baba ai ba ya ɓuya. Duk wanda ka ga ya fi kyau, shi ne." Daga baya na gano rabonta da ganin bargar gidansu tun kafin a sayi wannan dokin.

A tashar Kabuga na samu ƙaramar mota mai zuwa Gwarzo. Muka zauna mu biyu a kujerar gaba, ni da wani mai buhun albasa da ya ƙi yarda a sa masa shi a but ɗin mota. Ƙarfe bakwai da minti goma muka tashi. Direban ya hango littafin da ke hannuna mai hoton doki a bango, ya ce, "Malam likitan dabbobi ne?" Na ce a'a, masani ne dai. Ya ce, "To ka taɓa hawa?" Na ce masa hawa daban, sani daban. Ya gyaɗa kai ya ƙara wa rediyo murya. Shinge biyu muka wuce kafin Rimin Gado, a kowanne direba ya miƙa gaisuwa ta taga, aka yi masa fatan sauka lafiya. Ƙarfe takwas da rabi na sauka a mararraba, na hau babur zuwa filin da za a yi tseren, domin masani ba ya hasashe bai taka ƙasa ba. Haka na karanta.

Filin Sukuwa

Filin tsohuwar gona ce da aka share bayan an kwashe dawa, doguwa, miƙaƙƙiya, a ƙarshenta akwai wata tsamiya inda ake tsayawa. Na auna shi da ƙafa, na tsuguna na murza ƙasar a hannu kamar mai sayen gero, na rubuta "rairayi, da ɗan tauri". Babu wanda ya gan ni, na ji haushin hakan.

A gindin tsamiyar na tarar da wani tsoho yana zuba wa wani doki dusa a kwano. Bidi ne, wato fari-fari mai ɗigon toka, siriri, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, ga kunne ɗaya a karye. Muka gaisa da tsohon, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar gajiyar kaka. Ya ce sunansa Ilu. Na ce, "Baba, wannan ma zai shiga gobe?" Ya ce, "In Allah ya kai mu." Na ce, "Na wa ne?" Ya ce, "Na mai shi ne." Na tambaye shi me ya sa yake ba shi abinci a nan, ba a gida ba. Ya ce kwana tara ke nan a nan yake ci, a nan yake sha. Na yi dariya a ciki, na rubuta a littafina cewa kwana tara a nan yake ci, mai wannan doki ko barga ba shi da ita.

Gwarzo

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na isa Gwarzo. Yayan Zulai, Yaya Musa, shi ya tarbe ni, ya sauke ni a ɗakin baƙinsa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, sai fura mai sanyi a kwanon sha. Yana ci yana bayyana mini yadda zaman yake. Bayan la'asar ake haɗuwa a ƙofar gidan shugaban masu dawaki. Ana kawo wasu dawakin a ɗaure, wasu ba a kawo su. Ba a ajiye ko sisi, caca ba ta cikin lamarin, suna kawai ake nema. Sannan ya ce, "Bari in gaya maka wanda yake na Baba." Na ɗaga masa hannu. Na ce, "Yaya Musa, kada ka ɓata mini aiki. Idona zai gaya mini." Ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya taimaka," ya ci gaba da shan furarsa.

Ƙarfe huɗu da rabi muka isa. Tabarmi shida, dattawa a gaba, sauran jama'a a baya, dawaki biyar a turaku. Surukina yana can gefe a inuwar katanga. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa na gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri, na ja da baya na zauna inda idonmu ba zai haɗu ba. Abin da na lura da shi shi ne dokin da ke ɗaure dab da shi: akawal, baƙi wuluk, yana sheƙi, ƙirji kamar ƙofar rumbu. Na ce a raina, Zulai ta yi gaskiya. Ban kawo a raina cewa inuwa ce ta zaunar da dattijon a wurin ba.

Aka fara. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kowa ya tashi sai ya rage wa doki daraja. Wani ya ce wannan jan yana da tari. Mai shi ya ce ƙwarai kuwa, ga kuma ciwon ƙafa, shi don cika fili kawai ya kawo shi. In an kuskura an yabi wani, sai a bi da tubarkalla sau uku, a yi maza a sauya magana. Na ɗauka ƙauyanci ne da rashin iya bayani. Shugaba ya ce akwai baƙo daga birni, surukin Alhaji na Jama'a, a ba shi dama.

Na miƙe na buɗe littafi. Minti ashirin cur na yi a kan akawal. Na yabi wuyansa, na yabi cinyoyinsa, na yabi kofato, na ce a duk ƙasar nan babu dokin da zai ga ƙurar bayansa, gobe sauran su zo kallo kawai. Tubarkalla ko ɗaya ba ta fito daga bakina ba, domin a littafin da na karanta babu ita. Wurin ya yi tsit, na ɗauka daɗin magana ne. Wani mai babbar riga a gaba yana ta motsi kamar wanda ya zauna kan cinnaka. Can wani ya ce, "Malam, bidin nan da ke tsamiyar Kabo fa?" Na ce, "Wannan a nema masa amalanke. In ya kai ƙarshen fili a tsaye, mai shi ya yi sadaka." Aka kwashe da dariya. Yaya Musa ya sunkuyar da kai.

Mai babbar rigar ya miƙe. Ya ce, "Kai malam, me na tare maka? Ka taso tun daga Kano ka zo ka sa wa dokina baki a bainar jama'a?" Ashe shi ne Alhaji Sabo na Dugabau, mai akawal, wanda suka shekara uku suna ja da surukina a fili. Ya sa aka kwance dokinsa a take, yana tafiya yana tofa masa addu'a. Muna hanyar masallaci don magariba na ja Yaya Musa gefe, na ce to wanne ne na Baba. Ya ce, "Na amalanken."

Bayan tuwon dare na shige ɗaki. Na yi tunanin in kama motar farko in gudu, sai na tuna Zulai a gida take jira, kuma labari zai riga ni isa.

Lahadi: Kabo

Ƙarfe tara muka tashi a kan babur ɗin Yaya Musa, minti arba'in muka isa filin. Na sayi rake na ɓuya a bayan masu kallo. Dawaki bakwai aka jera. Akawal ya fito da layu a wuya waɗanda jiya babu su, mahayinsa sai waige yake, an hana shi barci ana yi wa doki hayaƙi. Bidi kuwa an kai shi can farkon fili tun da safe, ba a ba shi ko tsinke ba, sai fizgar linzami yake yana kallon tsamiya.

Aka saki tuta. Akawal ya fita gaba, kamar yadda na faɗa, kuma ina so a rubuta mini wannan. Amma kafin rabin fili sai ga bidi ya miƙe wuya, bai san da mahayi ba, bai san da jama'a ba, ya wuce ja, ya wuce akawal, bai tsaya ko'ina ba sai da ya tsoma baki cikin kwanon dusar da Baba Ilu, mai kula wa surukina da doki, yake riƙe da shi a gindin tsamiya. Fili ya kaure da ihu. Na tsaya da rake a baki, abin da na rubuta jiya yana dawo mini: kwana tara a nan yake ci. An gaya mini amsar da baki tun safiyar Asabar, na rubuta ta da hannuna, na yi mata dariya.

Ina shirin sulalewa Yaya Musa ya kamo hannuna, ya ce mahaifinsu na kira. Na je na durƙusa, ina jiran abin da na cancanta. Dattijon ya gyara zama. Sannan, a gaban mutane, ya ce, "Malam Nafi'u." Sai da na ɗago kai don in tabbata da ni yake. Ya ce, "Ashe kana da zurfin ciki haka. Ka kwashe idon jama'a kaf ka ɗora wa dokin Sabo, ka rufe nawa da zagi har babu wanda ya waiwaye shi. Ko Musa da na haifa bai taɓa yi mini wannan dabara ba. Allah ya yi maka albarka." Jama'a suka ce amin. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ga Baba Ilu yana kallona ta bayan doki yana girgiza kai a hankali. Na ce amin ni ma.

Komawa Gida

Ƙarfe uku na samu mota a mararraba, da buhun gyaɗa da kwalbar man shanu da surukina ya sa aka ɗora mini. Direban jiya ne kuwa. Ya ce, "Masani, an dace?" Na ce an dace. Ƙarfe biyar saura minti goma na shiga gida. Zulai ta tarbe ni da murna, an riga an buga mata waya, wai Baba sai ambaton sunana yake. Ta ce, "Ban gaya maka dokin Baba ba ya ɓuya ba?" Na ce ta gaya mini.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Yaya Musa da masauki da kuma riƙe baki, da Baba Ilu da ya san komai bai ce komai ba. Alhaji Sabo kuma don Allah ya yafe mini, wallahi da zuciya ɗaya na yabi dokinsa. Sunan da na shekara shida ina jira na ji shi, kuma duk lokacin da na tuna dalilin sai kunya ta kama ni. Littafin na sa shi a ƙasan akwati. Sai dai jiya Yaya Musa ya bugo, ya ce Baba ya ce in shirya, Alhaji Sabo ya sayi sabon doki, ana so in zo in yabe shi.