Kwana Biyu Muna Neman Inna a Ruwa

Shekaru da dama jirgi ɗaya muke shiga kamun kifi ni da maƙwabcina, wani Bakambare Kirista. A duk ƙauyenmu na bakin tafki, kusa da Wara, babu mai dogon numfashinsa a ƙarƙashin ruwa. Inna, mahaifiyata, ta riƙe shi kamar ɗan cikinta, ba ta kwashe tuwo ba tare da ta zuba nasa ba.

Wata Juma'a magana ta taso daga kasuwa, wai wani Kirista ya zagi addini. Babu wanda ya ji da kunnensa. Kafin La'asar mun kewaye ɗan cocinsu na zana da kwano, kuma ni ne na ɗauko jarkar man injin jirginmu. Maƙwabcin nawa yana tsaye bakin rijiya yana kallona lokacin da na tuttula man, aka cinna wuta. Washegari ya aiko aka kwashe komarsa ta kamun kifi daga jirginmu. Daga ranar, in mun haɗu a mashaya sai kowa ya kau da kai. Inna ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata.

Da damina ta zagayo, Inna ta shiga jirgin 'yan kasuwa za ta kai bandar kifi Wara. Jirgin ya daki kututturen itace da ruwa ya rufe, ya dare. Aka ceto waɗanda aka ceto, aka tsamo gawawwaki, Inna babu ita.

Yini guda muna lalube da gora da ƙugiya. Na nutsa, na nutsa, har jini ya ɓalle mini ta hanci. Ruwan ja ne, ko tafin hannuna ba na gani. Ƙannena mata suna zaune a gaɓa da likkafani a cikin kwarya, duk fitowata sai su miƙe, in girgiza kai, su koma su zauna. A rana ta biyu mutane suka fara janyewa. Wani dattijo ya dafa ni ya ce in haƙura, a yi mata salla haka nan. Na kwanta a cikin jirgi ina kiran Inna kamar yaron goye.

Da hantsin ranar sai ga jirgi ya matso, maƙwabcin nan nawa ne da mutum biyu 'yan cocinsu. Bai gaishe ni ba.

Ya ce, "Wane gefe ta zauna?"

Na ce, "An ce baya, kusa da inji."

Ya tuɓe riga ya faɗa. Na daina ƙirga nutsonsa. Idanunsa suka yi jawur, abokansa suna roƙonsa ya huta, bai saurare su ba. Bayan Azahar ya fito ya kama bakin jirgina yana haki.

"Tana nan. Zanenta ya sarƙe a saiwa. Miƙo igiya, kuma ka ba ni mayafi in rufe ta kafin mutane su gani."

Da aka yi mata salla, su ukun suna tsaye nesa, ƙarƙashin mangwaro, jiƙe sharkaf. Bayan mun dawo daga maƙabarta na je na durƙusa gabansa.

Na ce, "Ɗan'uwa, ni na zuba man nan."

Ya ce, "Na sani, ai na gan ka. Don Inna na zo, ba don kai ba." Sannan ya ce, "Tashi, ƙasa da sanyi."

Bai ce ya yafe ba ranar, ni ma ban sami bakin tambaya ba. Sai da kaka ta yi, ina gyaran koma a ƙofar gida, ya tsaya ya yi sallama, ya tambayi lafiyar ƙannena. Na shimfiɗa masa tabarma, ya zauna.